Rana a Cikin Ƙaho

Mahaifina mahauci ne a Ƙofar Kware. Shekarar da na gama karatu na dawo gida, wasu mutum biyar suka riƙa zuwa wurinsa neman ƙahonin shanu: mai walda, da mai gyaran wuta, da wani dattijo masassaƙi, da mata biyu masu zane. Tare suke aiki. Baba bai taɓa tambayarsu abin da suke yi da ƙaho ba, sai ranar da suka ce ya zo ya gani, kuma lalle da tsakar rana. Ni na raka shi.

"In gumaka ne, ba ni shiga," ya ce mini a hanya.

Wurin tsohon siton hatsi ne a Tudun Wada, ba taga ko ɗaya. Babbar cikin matan ta tarbe mu, ta mayar da ƙofa ta rufe. Duhu, da ƙanshin tsohon gero.

"Baba, a ɗan yi haƙuri," ta ce. "Rana ta kusa isowa."

Can sai wani siririn haske ya sauko ta hudar da suka yi a kwanon rufi. Ya faɗa kan madubi, madubin ya miƙa shi ga wani, wancan ma ya miƙa gaba. Sai na ga ashe ƙahoni ne rataye da waya tun daga rufi har kusa da ƙasa, sun nannaɗe kamar guguwa. An kankare su sun yi sirara, haske na ratsa su. Suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, wani launin zuma, wani ja kamar garwashi, wani da zane-zanen baƙi a cikinsa. Na ji Baba yana tasbihi ƙasa-ƙasa.

Ya matsa a hankali, ya nuna wani dogo mai lanƙwasa.

"Wanga na san shi. Na jan bijimi ne, ni na yanka shi." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, tun ina saurayi nake zubar da abin ga bayan mahauta. Ban san rana na shiga cikinai ba."

Ba mu motsa ba har rana ta gota, ƙahonin suka mutu daga sama zuwa ƙasa.

Da aka buɗe ƙofa, Baba bai yi sallama ba. Ya zauna kan benci da masassaƙin, yana gaya masa akwai wani tantani a cikin cikin bijimi, wanda in aka shanya shi da kyau har zanen tafin hannu ana gani ta cikinsa. Matar da ta tarbe mu ta ɗauko biro tana rubutawa. Sai da aka kira azahar suka tashi, washegari kuma ni aka aika da tantanin a cikin roba.