Daffayar Yaya Habi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina karyawa Maryama ta kira ni a waya. Mahaifiyarta, Yaya Habi, ta rasu bayan sallar asuba a gidansu na unguwar Ka'akiyya, nan Makka.

Jikata ce ke rubuta min wannan, ni idona ba ya ganin rubutun waya yanzu.

Ba mu haɗa jini ba. Ita 'yar Damagaram ce, ni daga Kano. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu a unguwar Utaibiyya cikin shekarun sittin, can saman dutse inda mutanenmu ke kafa sandaƙa, ɗakin kwano da katako.

Yaran yanzu ba sa yarda ana sanyi a Makka. Ana yi. Ba ya daɗewa, amma in aka yi ruwa, iska ta biyo baya, ɗakin kwano ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan.

A irin wannan sanyin na haifi ɗana na fari, bakwaini. Maigidana yana Jidda wajen dako, kuma ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba wanda ya kawo maganar asibiti. Ungozoma ta dubi yaron, ta ce a bar wa Allah, ta tafi. Matan da suka zo barka suka hura gawayi a kasko, suka ajiye kusa da ni, suka rufe ƙofa ruf.

Da hantsi Yaya Habi ta shigo. Lokacin kaina na sarawa, ina ganin jiri, yaron kuma ko kuka ba ya yi.

"Wa ya kulle mai jego da gawayi? Jana'iza biyu kuke so?"

Ta fita da kaskon da kanta, ta bar ƙofa a buɗe har hayaƙin ya fice. Sannan ta je ta ɗauko daffayarta, wato hita ta kananzir. Matar gidan da take yi wa aiki a Ɗa'ifa ce ta bar mata ita bayan hitar ta tsufa. Duk layinmu ita kaɗai ke da irinta.

Yinin ranar a ɗakina ta yi shi. Ta toshe ramukan kwano da tsumma da takardar buhun siminti, ta rataye tabarmi a bangon da iska ke bugawa, ta shimfiɗa buhuna a ƙasa. Saman ƙofa kawai ta bari, ta ce kar kowa ya taɓa wurin, ta nan za mu sha iska. Ta ɗora tukunyar ruwa a kan hitar don kar ɗakin ya bushe wa yaron ƙirji.

Ta nuna min wutar.

"Talatu, duba nan. In ta yi shuɗi, lafiya lau. In ta yi ja tana hayaƙi, kashe ki kira ni."

Sai ta ɗauki yaron ta sa min shi a ƙirji, cikin zane, fata da fata. "Hita ta ɗaki ce. Ɗumin ɗanki yana jikinki."

Kullum da safe, kafin ta fita tallar gyaɗa, takan shigo ta gyara lagwani, ta tace kananzir da ƙyalle, ta leƙa fuskar yaron, ta wuce. Ba ta zama hira.

Na tambaye ta nata yaran fa, da me suke kwana? Ta ce, "Nawa sun yi ƙwari. Halas, bar maganar." Daga baya na ji cewa Maryama, autarta a lokacin, da tari ta ƙare sanyin shekarar.

Yaron ya rayu. Shi ne Abubakar ɗin da wasunku suka sani, yau har da jikokinsa.

Da zafi ya shigo na mayar mata da daffayar, na haɗa da turmin atamfa. Ta duba lagwanin, ta ce na riƙe ta da kyau, ta turo min atamfar. Bayan nan duk wadda ta haihu da sanyi a layinmu, ɗakinta hitar ke kwana, har aka kawo mana lantarki.

Ba ta da taushin baki, wannan kowa ya sani. Mata da yawa tsoronta suke ji. Amma ban taɓa jin ta goranta wa wani abin da ta yi masa ba.

Ganinmu na ƙarshe a watan Sha'aban ne. Idonta ya tafi, sai da na yi magana ta gane ni. Ta riƙe hannuna tana tambayar mutanen saman dutse ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ta rasu, ya rasu, an mayar da su gida.

"To saura wa?"

Na ce saura ni da ke, Yaya.

Sai ta ce wa Maryama ta ƙara min shayi.

Za a yi mata salla a Harami bayan la'asar. Wanda ke kusa ya daure ya zo.

Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya ba Maryama da 'yan'uwanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, don Allah ya sa ta a addu'a. Sunanta Habiba.