Minti Biyar a Bakin Jirgi

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya, amma akwai wata safiya a Bahar Maliya da ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Ni mutumin Maigatari ne. Faransanci na tsince shi a bakin iyaka tun ina saurayi, Larabci kuma a makaranta, su ne suka kai ni aikin tafinta a wani kamfanin masu nutso cikin teku.

Malamin masu nutson wani Balarabe ne ɗan siriri, mai furfura, marar yawan magana. Na'urar da yake koyarwa ba irin wadda aka saba gani tana fitar da kumfa ba ce. Ita wannan, numfashin da ka fitar take tacewa, ta ƙara masa oksijin daga wata ƙaramar tukunya, ta mayar maka. Da ita ake kai wa zurfin da haske ba ya isa sosai. Aibinta ɗaya: idan oksijin ya yanke, ba za ka ji shaƙewa ba. Kana ta numfashi lafiya lau, sai dai barci ya ɗauke ka a ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa malamin ya kafa doka, kafin a shiga ruwa kowa sai ya zauna a bakin jirgi ya toshe hanci, ya yi minti biyar yana numfashi da na'urar, idonsa a kan lambar da ke agogon hannunsa mai nuna yawan oksijin.

Ran nan muna da wani baƙo Bafaranshe, ƙato, wanda ya fi shekara ashirin yana nutso da tsohuwar na'ura. Iska ta fara tasowa, direban jirgi yana ta gunaguni. Baƙon ya ce da ni, "Gaya wa malaminka ni ba ɗan koyo ba ne. Na duba kayana tun a masauki."

Ni kuwa da halinmu na gida, inda babba ba ya roƙon alfarma a mayar da shi hannu wofi, sai na tausasa maganar, har na ƙara da nawa. Na ce, "Malam, a yi masa uzuri mana, babban mutum ne."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Alhaji, ruwa bai san babban mutum ba. Ce masa ya zauna."

Baƙon ya zauna yana huci, ya sa bututun na'urar a baki, amma maimakon ya kalli agogonsa sai ya riƙa kallon sararin sama don a san ransa ya ɓaci. Malamin ya tsuguna a gabansa, shi yana kallon agogon. Ana cikin minti na uku ya ce, "Tambaye shi lamba nawa yake gani." Na tambaya. Mutumin ya ɗago hannu a hankali kamar mai jin barci, ya yi mini wani murmushi marar dalili. Nan take malamin ya fizge bututun daga bakinsa, ya tallafe masa kai. Da ya miƙa hannu bayansa ya taɓa tukunyar oksijin, a rufe take gam. Ashe baƙon ya rufe ta ne da za a ɗauko kaya a mota, ya manta.

Da hankalinsa ya dawo, ya murɗa kan tukunyar ya ce, "To, ga shi na buɗe. Mu tafi."

Malamin ya ce, "Tukunya ta gyaru. Kan da ya manta da ita fa? Yau ba ka shiga. Gobe mu fara daga darasin farko."

Wannan karon na fassara masa kalma da kalma, ban rage komai ba. Ya dubi ruwan nan baƙi ƙirin. Washegari shi ya riga kowa zama a bakin jirgi.

A hanyar komawa na ba malamin labarin wani tsohon mahaƙin rijiya na garin Ɗanzomo, wanda ba ya shiga rijiya sai ya zura fitila da igiya ya ga ba ta mutu ba, ko da jiya ya fito daga cikinta. Ranar kaɗai na ga ya yi dariya. Ya ce, "Ka gaishe shi, abokin aikina ne."

Yanzu ina zaune a Gumel na tsufa, mutane kan zo in sa baki a yi musu sassauci, ina kuma yi inda ya dace. Amma duk dokar da aka kafa don tsare rai, ba na roƙo a kanta. Na taɓa yi sau ɗaya, da an ji maganata da na yi wa mutum tafinta zuwa kabarinsa.