Zazzaɓin Allura da Rasuwar Kawu a Fagam

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena da wani maƙwabcinmu da ya ɗauke mu a motarsa. Fagam muka nufa, can ƙasar Gwaram, ta'aziyyar babban kawunmu, wanda sarƙewar numfashi ta yi ajalinsa a wannan zagayen na korona.

Damina ta yi nisa. Daga Wudil har Birnin Kudu gero ya fid da kai, dawa ta rufe gonaki. Ramukan titi kuwa duk sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa cikinsa. A Birnin Kudu muka tsaya karyawa. Komai ya yi tsada, ƙosai ma ya ƙanƙance. Mai shayin ya sa takunkumi, amma a haɓa, sai ka ce gemunsa aka ce ya kare. Na tambaye shi ko an yi masa rigakafi. Ya ce, "Malam, lafiyata ƙalau. Me zai kai ni neman zazzaɓi da ƙafata?"

Da muka zo wucewa ta gaban asibitin da kawu ya cika, ƙanena, wanda shi ya yi jinyarsa, ya kau da kai. Muka ratsa duwatsu da gonakin gyaɗa, wani wurin ruwa ya cinye gefen hanya sai an lallaɓa, har muka wuce Gwaram muka isa Fagam da hantsi.

An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, dattawa na zaune kafaɗa da kafaɗa, wasu na tari. Bayan an yi addu'a, ƙaramin kawunmu, ƙanen marigayin, direban babbar mota ne, ya ja ni zaure. Ya rame ƙwarai.

Ya ce shi a tasha ma'aikatan lafiya suka yi masa allurar rigakafin korona. Ya dawo gida da zazzaɓi da rawar sanyi, hannu ya yi nauyi ko buta ba ya iya ɗagawa. Ya kwanta yana ta nishi. Yayan nasa ya shigo duba shi, mutum mai ciwon suga da hawan jini, wanda aka daɗe ana lallashi ya je a yi masa. Ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Kai da ƙarfinka ta kayar da kai haka, ni ina zan kai?"

Kafin Juma'a ta zagayo zazzaɓin ya tafi, ƙaramin kawu ya koma kan hanya. Yayan bai sake yarda an yi masa zancen allura ba.

Bayan wasu watanni tari ya shiga gidan, ya kama su duka biyun. Direban ya yi mura, ya daina jin ƙamshin abinci, ya warke. Yayan kuwa ƙirji ya riƙe, sai asibitin Birnin Kudu. Likita ya gaya musu allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, tsananin ciwon take ragewa, kuma ba wanda zai rantse da ta cece shi.

"Da na daure na yi shiru a gabansa," in ji ƙaramin kawu.

Na ce, "Kawu, kwana ne ya ƙare."

"Na sani, ɗana. Amma nishina ya ji."



Muka shiga cikin gida gaida matar marigayin. Tana takaba, ita ma tarin bai gama sakinta ba. Ta ce a kwanakinsa na ƙarshe ko salati sai ya rarraba shi, yana hutawa a tsakani. Ta sa aka zuba mana ɗanyar gyaɗa a buhu, ta ce shukarsa ce, bai ga cirarta ba.

Bayan la'asar muka juyo, hadari na bin mu a baya. Ruwa ya cim mana kafin Wudil, muka shigo Kano a jiƙe da gajiya.

Abin da na taho da shi daga Fagam shi ne, wahalar allurar kowa yana ganinta da idonsa, kariyarta kuwa ba mai gani, don wanda ta kare tashi kawai yake ya tafi harkarsa. Babban kawu ya ga zazzaɓin ƙanensa ya tsorata, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙanen ne nake tausayi. Shi ya warke, shi ya haƙa kabarin. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya zuciyar wanda ya bari.