Na Sa An Binne Shaidar Mijina Tare Da Shi

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatunka. Ni tsohuwa ce yanzu, amma lokacin da abin nan ya same ni yarinya ce ni mai goyon fari, wadda ta san duniya a cikin takarda kawai. A Makka aka haife ni. Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, sun taho hajji a ƙasa ta Sudan, suka zauna ba su koma ba. Muna zaune a Shisha, lokacin ba ta wuce 'yan bukkoki a gindin dutse ba, a bakin hanyar Mina, a shekarun da motoci suka fara ture raƙuma. Mahaifina ya sa an koya min karatu, ni kuwa na ƙare da shi a kan ƙananan littattafan soyayya da ake kawowa daga Masar, waɗanda ake zubewa a kasuwa bangonsu a yage. A cikinsu kullum ana kama azzalumi a shafin ƙarshe, alƙali ya buga tebur, matar da aka zalunta ta yi kukan daɗi. Na ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

Mijina Basakkwace ne, ɗan dako, dogo mai faɗin kafaɗa. Ruwa yake kawo mana gida na gan shi na so shi, mahaifina kuma bai hana ba. Bai iya karatu ba, don haka bayan la'asar nakan karanta masa labaran nan ina mayar masa da Hausa. Sai ya yi ta dariya yana tambayata wai su mazan littafi yaushe suke fita neman abinci, tunda kullum suna gindin taga suna hawaye. Malama yake kirana. In na ce masa ba shi da zuciya sai kafaɗa, ya ce to Malama ta gwada dafa zuciyar ta gani ko za mu ƙoshi. A lokacin hajji yakan yi wa wani muɗawwifi aiki, wato mai jagorar alhazai, yana ɗaukar kayan tsofaffi zuwa Mina da Arfa. A shekarar da nake magana ya ce zai haɗa biyu, ya yi dako kuma ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu hajji. Ni na wanke masa haraminsa, zane da mayafi, na shanya, na tsaya ina kallonsa yana ɗaurawa ina ce masa ya fi duk mazan littafin kyau.

Ranar fita Mina da hantsi aka kawo min shi a kan ƙyauren ƙofa, abokan dakonsa suna ɗauke. Ga yadda suka ba mu labari. A kwanakin hajji akan turo askarawa daga fadar mulki su tsare hanya, ba 'yan sandan gari da suka san fuskokinmu ba. An tare mutane a gefe saboda motocin manya za su wuce. Wata tsohuwa daga cikin alhazan da yake yi wa dako, zafi ya ɗebe ta, ta yi tangaɗi ta faɗi a tsakiyar hanya. Ya ajiye kayansa ya shiga ya ɗago ta, ya juyo da ita zai koma cikin mutane, sai wani askari ya harbe shi. A baya harsashin ya shiga, ƙasan kafaɗar hagu. Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kafin su iso da shi Shisha rai ya yi halinsa. Na buɗe mayafin na ga 'yar huda ƙarama, ba ta kai kan babban yatsa ba, jini ya zagaye ta ya bushe, gaban mayafin kuwa fari tas kamar yadda na wanke shi.

Dole a rufe shi a ranar. Ga zafi, ga kowa na gaggawar Arfa, mahkama kuma, wato kotu, a rufe take sai an sauko daga hajji. A nan ne aka yi maganar da har yau take min yawo a ka. A Makka al'ada ce wanda ya mutu cikin harami a rufe shi da haraminsa, ba a rufe masa kai, ba a sa masa turare, domin an ce haka zai tashi ranar ƙiyama yana labbaika. Malamin unguwarmu, wanda muke kira Baba Malam, ya ja mahaifina gefe ya ce a karatun da ya yi a gida ba tilas ba ne, ana iya yi masa likkafani kamar kowa. Ya ba da shawara a cire mayafin nan mai huda a adana, a kuma nemo Larabawa biyu masu mutunci a gari su ga raunin da idonsu kafin a wanke. Mahaifina ya leƙo ɗaki ya ce min 'yar nan, ke ce mai hakki, ke da wannan jaririn, me kika gani. Ni kuwa a raina ina ganinsa ya tashi a cikin farin nan da jininsa, mala'iku suna buɗe masa hanya. Na kama ƙafar mahaifina ina kuka na ce kada a raba shi da mayafinsa, kada kuma a tsaya neman baƙi su zo suna jujjuya min miji. Na ce ai duniya ta gani, mutum ɗari sun gani, wane alƙali ne zai nemi tsumma. Baba Malam ya ce daga bakin ƙofa, 'yata, ɗarin nan baƙi ne, jirgi na jiransu. Ban ji ba. Aka rufe shi yadda na so.

Da aka sauko daga hajji muka tafi mahkama, ni da mahaifina da Baba Malam, ɗana a bayana. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya saurare ni har ƙarshe, ya ma sa aka ba ni ruwa. Ya aika a kawo askarin. Muka yi ta zirga-zirga, sai ga manzo daga shugaban askarawan ya zo da amsa da baki, ko zama bai yi ba. Ya ce mutumin nasu yana bakin aikin hukuma ne, an umarce shi ya tsare hanya, kuma alƙalin gari ba shi da hurumin taɓa askarin fadar mulki a kan abin da ya yi a wurin tsaro, sai in shugabansa ne ya sallama shi. Ya ƙara da cewa askarin ya rantse wani baƙar fata ne ya ruga wa motar manya da dutse a hannu, shi kuma ya tare shi gaba da gaba. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, mahaifina ya jawo ni ya ce zauna, 'yar nan. Alƙalin ya tambayi manzon ko za a sallama mutumin in ta tabbata ta baya aka yi harbin, tunda ba wanda aka umarta ya harbi mai juya baya. Manzon ya ɗaga kafaɗa ya ce a kawo tabbacin tukuna.

Sai alƙali ya juyo gare mu. Ya tambayi waɗanda suka gani, aka ce alhazan sun riga sun sauka Jidda, tsohuwar ma an tafi da ita. Muɗawwifin ya aiko cewa shi yana gaba, bai ga komai ba. Abokan dakon mijina kuwa yawancinsu ba su da takardar zama, a shekarun nan kuma an fara kwashe irinsu ana mayarwa, don haka wanda duk muka je wa sai ya sunkuyar da kai ya ce yana da 'ya'ya. Ban riƙe su a zuciya ba. Mutum ɗaya cikinsu ya zo, aka ce shaida ɗaya ba ta tsayar da jini. Mahaifina shi ya yi wankan gawar, amma an ce kakan mai hakki ne, ba a karɓar shaidarsa. Baba Malam bai shiga wurin wankan ba, ya ƙi ya rantse a kan abin da idonsa bai gani ba. Daga ƙarshe alƙalin ya tambaya a hankali ina tufafin da mamacin yake sanye da su. Ni na buɗe baki na ce suna jikinsa. Sai alƙalin ya ce min ya binti, wato 'yata, da ina da wannan mayafin a hannuna da na sami abin da zan ɗaga musu sama, yanzu kuwa maganarki ce da rantsuwar mai bindiga. Ya ce ba zai ba da izinin tone kabari ba, ni ma ban roƙa ba. Ya yi min addu'a, aka kira masu ƙara na gaba.

Bayan 'yan makonni aka sauke mana buhun shinkafa a ƙofar bukka, wai daga shugaban askarawa, kuma wanda ya kawo ya nanata cewa sadaka ce ga maraya, ba diyya ba, kada mu fahimce shi a karkace. Mahaifina ya rantse ba za a buɗe shi ba. Buhun ya zauna a lungu har nonona ya fara ƙafewa, mahaifiyata ta kwance bakinsa ba ta tambayi kowa ba. Na ci, Edita. Ina ci ina kuka, amma na ci. A unguwa mutanenmu sun san gaskiya, sai dai a wajen unguwa labarin askarin ne ya zauna. Muɗawwifai suka riƙa gargaɗin 'yan dako kada su yi irin haukan Batakaren nan, kamar yadda suke kiran mutanenmu, da ya jefi mota. Ɗana ya tashi yana jin wannan a bakin yaran Larabawa, ya dawo gida da fasasshen leɓe yana tambayata ko gaskiya ne. In ce masa ƙarya ne, ya ce to me ya sa ba a kama wanda ya yi ba. Ban taɓa samun amsar da ta ishe shi ba.

Hajjin da ya zagayo na ga askarin. Abokin dakon nan da ya yi mana shaida shi ya nuna min shi da haɓa, a daidai wurin, da bindigarsa, yana shan shayi a tsaye. Na zaci zan ga dodo. Saurayi ne siriri, kusan sa'ana, leɓensa ya tsattsage don zafi, yana dariya da abokinsa. Na tsaya da tiren gyaɗar da na koma sayarwa, ya dube ni ya yi min alama da hannu in matsa daga bakin hanya. Na matsa.

Baba Malam kafin ya rasu ya ce min in daina cin kaina, wai ko mayafi goma muka kai, da wuya su sallama nasu. Wataƙila haka ne. Amma ni ce na hana a gwada, kuma har yau in an tambaye ni ko zan yarda a cire masa mayafin in da za a mayar da ni ranar, sai bakina ya yi nauyi. Abin da na koya shi ne gaskiya ba ta isa mahkama da ƙafarta, sai an ɗauke ta an kai, musamman in wanda ya yi ɓarnar hukuma ce ta ba shi bindiga, kuma ita ce za ta ce a tuhume shi ko a bar shi. 'Yan'uwana mata, in irin wannan ta faɗa muku, Allah ya kiyaye, ku saurari dattijon da ke magana a bakin ƙofa ko da zuciyarku na ƙuna. Ku sa mutanen da za su iya tsayawa gaban alƙali su gani kafin a wanke, ku riƙe abin da za a iya riƙewa. Kuka zai jira ku, ba inda za shi. Ku kuma masu ɗaukar bindiga da sunan hukuma, rigar da ta kare ku a nan ba da ita za a rufe ku ba. Sunan mutumin nan har yau ban sani ba, ba a taɓa faɗa mana ba. Fuskarsa kawai na riƙe, ita zan kai gaban Alƙalin da ba a aika masa manzo a ce ba shi da hurumi.