Gudumar Yaya Habu da Takardar da Na Karanta a Zoza

Da kakar gyaɗar bana Yaya Habu ya cika shekara goma sha huɗu a ƙasa, ni kuma na cika shekara goma sha huɗu ina haɗiye wata magana. Yanzu da ko'ina zancen mulkin kai ake yi, har ana cewa wata rana za mu mallaki jiragen yaƙinmu, 'ya'yanmu su zama injiniyoyinsu, na ga shirun ya isa haka.

Mu maƙera ne, 'yan Zoza ta wajen Rogo. Ni aka jefa makaranta, na ƙare a malamin ofishin gunduma a Karaye. Yaya shi ya gaji sana'ar Baba. A maƙerarmu garma ba ta zuwa hannun mai ita sai an ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma an saurari amonta. Ƙarfe mai lafiya kukansa tar yake fita, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a dushe take, ko ido bai ga komai ba. In ƙarami ya ji abin da bai kwanta masa ba a aikin babba, ba ya buɗa baki ya ce an yi kuskure. Durƙusawa yake ya miƙa gudumar hannu bibbiyu, ya ja gefe. Nufinsa, ranka ya daɗe, ji da kunnenka. Ban san ladabin da ya kai wannan ba.

Da yaƙin duniya ya yi zafi aka zo neman masu sanin ƙarfe, Yaya ya tafi filin jirgin sama na birni, inda jiragen yaƙi ke sauka a duba su kafin su wuce gabas. Da goge baƙin mai ya fara. Turancinsa bai cika cokali ba, amma hannunsa da kunnensa suka kai shi helma, shugaban baƙaƙen makanikai. In ya zo gida sai ya cika mu da labari, yana cewa "jirgina" kamar Baba ne ya bar masa gado. Yana da gaskiya kuwa, domin a lokacin kowace ƙungiyar makanikai da jirginta, daga hanci har wutsiya, kuma helma ba ya dangwala yatsa a takardar lafiyar jirgi sai abin da ya taɓa da hannunsa.

Sai aka kawo wani sabon hafsa, Bature mai gaggawa. Na sama sun matsa masa a kan jirage na daɗewa a ƙasa, shi kuma ya juyo ya sauke a kan na ƙasa. Ya wargaza ƙungiyoyin. Wannan taya kawai zai duba, wancan mai, wancan fiffike, kowa ya yi nasa ya wuce. Ban ce tsarin ba shi da amfani ba, jirage sun riƙa tashi da wuri. Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne an raba aikin amma ba a raba alhakin ba. Yatsa ɗaya ake so a ƙasan takarda, na helma, a kan aikin da bai gani ba. In ta yi kyau, tsarin hafsa ne. In ta ɓaci, ga yatsan baƙin mutum.

Yaya bai yi musu ba. Kawai ya ɗauki dabarar zagaya kowane jirgi da gudumar Baba kafin ya dangwala. Wata safiya ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙafar wani jirgi, ya ji amon a dushe. Matuƙi na jira, hafsa na tsawa, an miƙo takarda. Sai ɗan maƙera ya yi abin da aka koya masa: ya durƙusa, ya miƙa wa hafsan guduma hannu bibbiyu, ya ja gefe. Hafsan bai tambayi kowa ba, ga tafinta tsaye kusa da shi. Shi dai ya ga ma'aikaci ya ajiye kayan aiki ana tsakiyar yaƙi. Kafin azahar an kore shi.

Takardar korar ta biyo ta ofishinmu, aka ce a sanar da mutanensa don ya zama darasi. Wa ya iya karanta Turanci ya juya shi da Hausa a Zoza? Ni. A ƙofar gidan dagaci, gaban Baba da dattawa, na karanta cewa Habu ya ƙi aiki, ya yi wa shugabansa rashin kunya, ba abin amincewa ba ne. Da ƙarfi na karanta, ban tsallake kalma ba, don kada a ce malamin gunduma ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kujerata nake karewa. Baba ya dube shi ya ce, "Habu, haka aka yi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, guduma na miƙa." Baba ya gane. Sauran kuwa takarda suka ji, ga hatimi a jikinta.

Manoma suka fara kai garmunansu wajen maƙeran garin Jajaye. Yaya ya bar maƙera ya koma gona, shekara biyu ciwon ƙirji ya tafi da shi. A zaman makoki wani abokin aikinsa, Tanko, ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Malam, ai bayan tafiyarsa wani saje Bature ya ɗauki gudumar ya ƙwanƙwasa. Sai da aka sake ƙafar nan kafin jirgin ya tashi." Na ce to ina takardar wanke shi? Ya ce wace takarda?

Ashe sun sani. Matuƙin ya sauka lafiya a inda za shi, hafsan ya ci gaba da tsawarsa, ba wanda ya ga Habu ya kai a ɓata masa tawada sau biyu. Ni ma da na ji, na ninke maganar na sa aljihu, saboda ofis.

Da Yaya zai ga yau, ina jin zai yi murna da samarinmu da ke shirin hawa kujerun Turawa. Amma na ga wasunsu tun ba su zauna ba sun iya tsawar. Ba zai yi musu wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Zai so dai ya san ko mutumin da aka ce ya sa hannu yana da ikon cewa wannan ba zai tashi ba, kuma ya kwana da aikinsa.

Bai bar ɗa ba, gudumar ma ba a dawo mana da ita ba. Sunansa kaɗai ya rage, shi ma da bakina na ɓata shi. Ran Juma'a in Allah ya kai mu zan tafi Zoza da wannan jarida da ta buga maganata, in tsaya inda na tsaya waccan rana, in karanta da ƙarfi, ba zan tsallake kalma ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini.