Na Je Zuba Neman Muryar Malam

Matso kusa ka ji. Ni ba mai fita ba ce, kasuwar Kuje ma aike nake yi. Amma mijina, Malam Sani, shekara uku da rasuwa, muryarsa aka naɗa a sallamar da ake buɗe shirin manoma da ita a wata tashar AM. Kullum shida da rabi na safe sai ya yi min sallama daga rediyo, in amsa. Tun bayan Sallah sai wani gurnani ya haɗiye shi. Na canja batir, na ɗaura waya a taga, a banza.

Kuje

Biyar da minti arba'in na fito, rungume da rediyota a cikin mayafi kamar jaririya. Mu shida a ƙaramar mota. Direba ya ce, "Mama, asibiti za ki kai ta?" Na ce, "Ɗan nan, lafiyarta lau, wurin masu ita za ni."

Hanyar Gwagwalada

Mun wuce shingen 'yan sanda, shida da rabi ta yi, na kunna don sabo. Sai ga Malam tar! Har ɗan tarin da yake yi kafin ya ce "manoma". Na ce, "Direba, don Allah tsaya!" Ya kashe mota. Wata Madam mai kwandon doya ta ce, "Oga ɗinki ne?" Na manna rediyo a kunne. Sallamar ma ban amsa ba, ta wuce.

Bayan Zuba

Tara saura kwata na sauka, na karya da ayaba biyu, mai babur ya kai ni gindin dogon ƙarfen tashar. Dab da shi ga sababbin turakun babbar wayar wuta, suna zuu kamar amya. Gurnanin ɗakina ke nan, kunnena bai ɓata ba.

Injiniya Bitrus, mai kula da wurin, ya ba ni kujera. Ya ce, "Mama, magana tana fita daga ƙarfenmu ta bugi waɗancan, su dawo da ita a karkace, ta yi karo da kanta. Ɓangaren Kuje ne ya mutu."

"Ba gyara?"

"Akwai, amma an ce ba za a yi ba. Ƙarshen wata za a kashe wannan, a koma FM da sababbin shirye-shirye."

"To ku ba ni kaset ɗin sallamar, muryar mijina ce."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce kaset ɗin yana can ofis cikin gari, bai ma san a hannun wa yake ba. Ya rubuta min takardar kai wa ofis, ni da ban iya karatu ba, wannan ma jikata ke rubuta min.

Gida

La'asar na shigo. Na gode wa Allah, na gode wa direban da ya tsaya. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma ƙafafuna ba za su kai ni bakin hanyar nan kullum ba. Jiya na gwada tuno tarin nan nasa, gurnanin ne ya zo.

Kai da ka rasa naka, tsakani da Allah, har yanzu kana jin muryarsa?