Takardar Tara a Gilashin Motata

Wata Juma'a na ajiye motata a bakin titi kusa da masallaci a Mont-Bouët, unguwar da nake kasuwanci a ƙasar waje, kamar yadda muka saba a Kano, inda hanya takan zama ta masallata har a sallame. Ina fitowa na tarar da takardar tara maƙale a gilashi. Raina ya ɓaci.

Maƙwabcina a kasuwa, mutumin Maraɗi da ya iya Faransanci, shi ya rubuta mini wasiƙar koke, yana ta cewa, "Alhaji, da ka biya ka huta." Na ƙi. Na zuba babbar riga na hau tasi na nufi ofishin 'yan sanda.

Jami'in ya duba takardar, ya duba katin motata, ya ce lambar motar da ke takardar ba tawa ba ce, wani ne ya cire daga motarsa ya saƙala mini. Ya ce in tafi abina.

Na fito ina dariya ni kaɗai, har direban tasi na saya wa lemo. Ina isa shago sai ga lambar nan ɓaro-ɓaro a jikin motar maƙwabcina.